Lallen Mukarrama da Fitilun Shago

Ranar da Zulkifilu ya fara tsayawa a ƙofar shagon atamfar Alhaji Sama'ila da ke bakin kasuwar Ikara, ba can ya nufa ba. Daga Makarfi aka ɗauko shi ya ja wayar wuta a wani kantin magani da ke maƙwabtaka, ƙishi ya fito da shi neman ruwa. Sai ya yi kiciɓis da wata budurwa a bakin ƙofa, ta ɗaga turmin atamfa sama tana nuna wa wata dattijuwa a rana.

Mukarrama ke nan, autar Alhaji, wadda ke riƙe da shagon tun da ta gama karatu. Yarinya ce mai kunya daidai gwargwado, amma fa Allah ya yi ta da tambaya. Ko tukunya ce ta tafasa kafin lokacinta sai ta bi ba'asi.

Da dattijuwar ta tafi, Zulkifilu ya yi sallama, suka gaisa, ya leƙa ciki ya ɗaga kai. Ƙwan fitila ɗaya ne tal yake reto a tsakiyar silin. Ya tambaye ta ko kullum haka suke fitowa da kaya waje. Ta ce ai kowane mai shagon yadi haka yake yi, launin kaya a ciki daban, a rana daban. Ya ce ba laifin kayan ba ne, laifin wancan ƙwan ne.

"Me ya sa?" in ji ta.

Da ya san yawan jin da zai yi wa wannan tambaya a rayuwarsa, da ya nemi kujera ya zauna tukuna.

Ya buɗe jakarsa ya fiddo ƙwayaye uku da wata 'yar waya mai mariƙi, ya jona a bango. Ya roƙe ta ta ɗora hannunta a kan kanta. Ta ɗora, yatsun nan sun sha jan lalle. Ya kunna na farko, mai haske fari fat har yana ɗaukar shuɗi, sai lallen ya koma baƙi-baƙi kamar ta buge hannu da ƙofa. Ya kunna na biyu, mai ruwan ƙwai, lallen ya yi kyau amma farin mayafinta ya zama kamar ba ya ganin sabulu. Da ya kunna na ukun, sai ga ja ya fito ja, fari ya fito fari.

Mukarrama ta juya hannun, ta sake juyawa, ta ma manta da baƙo a gabanta. Shi kuwa gogan ya manta da ƙishin da ya fito da shi.

Ba ta bar mahaifinta ya huta ba sai da ya yarda a ba Zulkifilu aikin sauya fitilun shagon. Alhaji Sama'ila mutum ne mai sauƙin kai in an bi shi a sannu, sai dai yana da wata ɗabi'a da duk Ikara aka san shi da ita. In ka ba shi kyauta, to dole ya yi amfani da ita a inda za ka gani, don kada ranka ya sosu. An taɓa ba shi hular da ta yi masa kaɗan, haka ya ɗora ta ya tafi masallacin Juma'a, ya dawo da shata a goshi.

Aikin da ya kamata ya ƙare da wuri sai ya yi ta ja, don kuwa kowane rami Zulkifilu zai huda a silin sai Mukarrama ta ji dalili. Me ya sa ba za a sayi babban ƙwai guda a huta ba? Ya ce ƙwai ɗaya a tsakiya yana barin kusurwa cikin duhu, kuma duk wanda ya matso kusa da kanta inuwarsa ce za ta rufe kayan da ya zo gani. Me ya sa ba ya manna su jikin bango? Ya ce in sun matse da kanta, turmin sama kaɗai zai sha haske, na ƙasa ya zauna a inuwa, gara a ja su baya kaɗan a karkato su, hasken ya sauka a fuskar kaya. To na wajen madubi fa, me ya sa ya sa shi ta gaba? Ya ce fitilar da ke bisa tsakar kai tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, mace ta yafa leshi ta ga ta tsufa, ta ajiye ta ce bai karɓe ta ba.

Nan ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Daga ranar ya raɗa mata suna Hajiya Me-ya-sa, ita kuma ta ce ba ta san wani Zulkifilu ba sai Mai Fitila.

Ranar da aka kunna, shagon ya zama kamar ba shi ba. Alhaji ya yi ta zagaye yana shafa shadda yana salati. Daɗin yabo ya ɗebi Zulkifilu, ga Mukarrama tana kallonsa, sai bakinsa ya zarce.

"Alhaji, daga yau ba sai an fita da kaya rana ba. Abin da ido ya gani a nan, shi zai gani a waje."

Aiki ya ƙare, amma hanyar Makarfi zuwa Ikara ba ta huta da babur ɗinsa ba. Yau ya zo duba makunni, gobe ya zo jin ko waya tana zafi, kuma kowane zuwa da ƙullin mazarƙwaila. Saƙonni kuwa ba a magana.

"Hajiya Me-ya-sa, yau na sa fitilu a wani shagon takalma a Gubuchi. Babu wanda ya tambaye ni komai. Wallahi aikin bai yi mini daɗi ba."

Ta amsa: "Mai Fitila, to ga tambaya ta biyo ka har gida. Me ya sa in na kunna fitilun shago da safe nake jin kamar ka yi sallama?"

Ya rubuto: "Wannan ba a makarantar koyon sana'a ake koyar da ita ba. Ki ba ni izini in turo kawuna wajen Alhaji, shi zai kawo amsar."

Ta karanta ta sake karantawa, daɗi ya cika ta har ta auna wa wata mata yadi ya zarce.

Sai dai da maganar ta isa kunnen Alhaji, ya ɗaure fuska. Ya ce yaron yana da ladabi, bai musa ba, amma bai san gidansu ba, kuma mutumin da kullum yana bisa tsani a garin mutane yaushe zai zauna ya riƙe iyali? Gaskiyar magana, ransa yana kan Shamsuddeen, ɗan amininsa, mai kantin wayoyi da kayan wuta a bakin tasha. Shamsuddeen ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son a san ya zo. Kantinsa in ka wuce sai ka kare ido saboda haske, kuma ba ya zuwa gaida Alhaji hannu rabbana. Mukarrama ta gaya wa mahaifinta cikin ladabi cewa ba ta jin sa a ranta. Alhaji ya ce ba zai yi mata dole ba, amma maganar ɗan Makarfi a dakata sai ya yi bincike.

Ana cikin wannan jira bikin Naja'atu ya taso, 'yar Gwaggo Lantana, ƙanwar Alhaji da ke aure a Kudan. Gwaggo ta zaɓi ankon da kanta, atamfa mai ruwan hanta da zanen ganye, aka yanka kashi na farko aka aika. Sai kuma yayar Mukarrama ta haihu a Taba, aka tura ta taya ta zaman jego, Alhaji ya koma zaman shago da kansa. Yana nan Gwaggo ta bugo waya cewa anko bai isa ba, a ƙaro. Na farkon ya ƙare, sai Alhaji ya buɗe wata dila mai zane iri ɗaya, ya gwada da ragowar ƙyalle a kan kanta, ya ga babu bambanci, ya yanka ya aika.

Daga Taba Mukarrama ta zarce Kudan ranar yini, hannunta ɗanye shar da sabon lalle. Tana shiga gidan bikin ta tsaya tana bin ankon mata da kallo. Rabin matan sanye da ruwan hanta, rabin kuwa ruwan ƙasa ne ƙarara, ko makaho ya shafa sai ya yi tambaya. Abin haushin, na biyun duk hannun dangin ango ya faɗa. Kafin la'asar magana ta zagaye gida cewa dangin amarya sun ware wa kansu mai kyau sun ba baƙi saura. Gwaggo Lantana ta shige ɗaki ta yi kuka, ita da ba a taɓa ganin hawayenta ba.

Washegari ta dira a Ikara ko mayafinta ba ta gyara ba. Alhaji ya rantse mata ya gwada da idonsa, kuma ai yaron nan ne ya ce ba sai an fita rana ba. Nan take aka kira Zulkifilu.

Ya iso ana tsakiyar rana, an ɗauke wuta, shagon babu haske sai na ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe su. Gwaggo ba ta amsa ba, ta watsa masa ƙyallaye biyu a gaba.

"Kai ne ka ce abin da aka gani a ciki shi za a gani a waje?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To ga shi nan, ka gani da idonka. Ka sa an zage ni a gaban surukai."

Mukarrama tana rakuɓe a bayan kanta, tana jiran ya yi bayani kamar yadda ya saba. Ta ga ya ɗaga kai ya dubi silin, ya daɗe yana dubawa. Ta ga ya juyo ya kalli Alhaji. Sannan ya sunkuyar da kai.

"A yi mini aikin gafara," kawai ya ce.

Alhaji ya ce shi ke nan bincikensa ya ƙare, kada kawun nasa ya wahalar da kansa, shi ma kada a sake ganin babur ɗinsa a ƙofar gida. Zulkifilu ya miƙe ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar Mukarrama ba ta iya cin abinci ba. Ba korar ce ta fi ƙona mata rai ba, shirun nasa ne. Ta rubuta masa: "Kai da ba ka taɓa rasa amsa ba, yau ka tsaya kamar an dasa ka. In ƙwayayenka na jabu ne ka gaya mini. In ba na jabu ba ne, me ya sa ka yi shiru?"

Sai can amsa ta zo: "Wannan karon ina da amsa, amma ba daga bakina za ta fito ba. Ki yi haƙuri da ni, Me-ya-sa."

Ta jefar da wayar kan katifa. Ta ce a ranta ashe haka yake, mai daɗin baki in ana lafiya, kurma in an shiga uku.

Kwana biyu shagon yana kulle. Ranar da ta buɗe, tana shara aka kawo wuta, fitilu suka kama gaba ɗaya. Ta ji hasken ya soki idonta, amma ranta a jagule yake, ba ta kula ba. Sai da ta miƙa hannu za ta ɗauki almakashi a kan kanta, ta tsaya cak.

Lallen bikin da ke yatsunta ya koma baƙi-baƙi.

Ta fita ƙofa, ja ne. Ta dawo ciki, baƙi. Ta sake fita, ta sake dawowa, har mai shayin da ke tsallake ya fara kallonta. Ai kuwa ta jawo kujera ta taka, ta kashe makunni, ta kwance ƙwai ɗaya. Ba irin na Zulkifilu ba ne. Ta bi sauran da kallo, duk an sauya su. Ta shiga birkita ƙarƙashin kanta, can ƙurya ta ci karo da kwali mai tambarin kantin Shamsuddeen, a ciki ga ƙwayayen Zulkifilu an naɗe kowanne da tsumma a tsanake, irin naɗin da mahaifinta kaɗai yake yi.

Ta zauna daɓas. Ba sai an gaya mata ba. Shamsuddeen ya kawo kyauta tana Taba, Alhaji kuwa ba zai iya barin kyauta a kwali ba alhali mai ita yana wucewa ta ƙofar shagon kullum. A wajensa ƙwai ai ƙwai ne, wanda ya fi haske ma ya fi. Shi kuma Zulkifilu, ko babu wuta ya san abin da hannunsa ya ɗaura.

Ta kira shi a waya. Ta ce ta gani. Ya ce da ma ya san ba za ta bar abin ya wuce ba ta bi ba'asi ba.

"To me ya sa ba ka faɗa ba? Ka san abin da shirun nan ya jawo mana?"

"Na sani. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban ƙanwarsa tana kuka, in ce Alhaji kai ne? Mutumin da nake fatan in kira Baba? Kuma ni ma ina da nawa laifin. Da ban cika baki ba, da ya fita da ƙyallen rana kamar yadda ya saba tun kafin a haife ni."

Hawaye ya zubo mata. Ta so ta yi masa faɗa, ta so ta gode masa, ta rasa wanda za ta fara, sai kawai ta ce masa kada ya yi nisa da wayarsa.

Bayan la'asar ta roƙi mahaifinta ya leƙo shago, wai tana son ya duba mata wani abu. Ya biyo ta shagon. Ta shimfiɗa ƙyallayen nan biyu a kan kanta ta kunna fitila, suka fito iri ɗaya sak. Alhaji ya ce ai ka gani, abin da yake faɗa ke nan. Sai ta kashe, ta taka kujera, ta mayar da ƙwai ɗaya daga cikin kwalin, ta sake kunnawa. Ruwan hanta ya koma gefensa, ruwan ƙasa ya koma gefensa.

Alhaji ya dubi ƙyallayen, ya dubi kwalin, ya dubi silin. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Yaron nan ya gani?"

"Tun da ya ɗaga kai, Baba."

"Ya gani, ya bar ni na kore shi?"

"Ya ce ba zai iya ba ka kunya a gaban Gwaggo ba."

Dattijon ya mayar da hularsa. Ya ce ta nemo masa mai babur, Kudan za shi kafin magariba. Abin da ya gudana tsakaninsa da ƙanwarsa babu wanda ya ji, amma an ga Gwaggo ta rako shi har bakin titi tana faɗa tana dariya. Daga baya shi da kansa ya aika wa dangin angon Naja'atu sababbin turame da ban haƙuri.

Da safe aka kira Zulkifilu. Ya zo da tsaninsa ɗaure a bayan babur, ya durƙusa nesa. Alhaji ya ce ya tashi ya mayar da ƙwayayensa inda suke. Na Shamsuddeen kuma, ya tambaya a hankali, ko akwai inda za a sa su ba a ɓata wa mai kyauta rai ba? Zulkifilu ya ce ai barandar waje tana son irinsu, masu wucewa za su hango shagon tun daga tasha. Alhaji ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa buhu.

Zulkifilu ya kafa tsani, yana neman wanda zai dafa masa. Kafin Mukarrama ta motsa, Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa ya kama ƙafar tsanin da hannu biyu.

"Subhanallahi, Alhaji, ka bari."

"Hau, ɗana. Kai ka riƙe ni ranar da zan faɗi. Kuma in ka sauko, ka gaya wa kawunka ina gida ranar Asabar."

Mukarrama ta juya ta fuskanci kanta tana gyara turamen da ba su buƙatar gyara. Wayarta ta yi ƙara a hannunta bayan Zulkifilu ya tafi.

"Hajiya Me-ya-sa, yau ƙafata ta yi rawa a kan tsani, abin da ban taɓa yi ba."

Ta rubuta: "Yau kam ba zan tambaye ka dalili ba, Mai Fitila. Na sani."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a Ikara, motocin Makarfi suka cika layi, har Shamsuddeen ya zo ya yi wa ango murna yana nuna wa mutane fitilun baranda. Gwaggo Lantana ce ta karɓi ragamar anko. A shagon aka yanka, ƙarƙashin fitilun ango, amma duk da haka kowane turmi sai da ta fita da shi rana ta ɗaga, angon da kansa yana taya ta riƙe gefe. Ranar yini mata suka fito ja wur, daga dangin amarya har na ango, babu wanda za ka ware.

Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kama hannunta mai lalle ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta je, ya ba da ita ga wanda ya san abin da ake faɗa da abin da ake rufewa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya rufa musu asiri kamar yadda suka rufa nasa. Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin, amarya tana kuka, Gwaggo tana share mata hawaye da gefen ankonta.